Soron Na'urar Gwaji: Yadda 'Yar Roba da Ɗan Bututun Gilashi Ke Yanke wa Waken Kunci Hukunci

A watan Yunin 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya zuwa ƙasashenta. Dalili kuwa shi ne wani maganin ƙwari mai suna daikulobos, ko DDVP, wato sinadarin nan da ke cikin Sniper da abin da muke kira fiya-fiya. Ƙa'idarsu ta ce kada ragowarsa ta wuce miligiram 0.01 a kowane kilo na wake, amma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna daga 0.03 har zuwa 4.6. An tsawaita takunkumin a 2016, aka sake tsawaita shi a 2019.

To, mai karatu, tsaya ka auna wannan lamba. Miligiram 0.01 a kilo ɗaya na nufin miligiram 1 kacal a cikin buhu mai kilo 100. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa, ko tsohuwar da ta shekara hamsin tana tsintar wake ba za ta gane ba. Na'ura ce ke ganowa, kuma ɗaya daga cikin manyan na'urorin da ake wannan aiki da su ita ce gas kuromatogiraf, wadda ake taƙaita sunanta da GC.

Idan ana zancen wannan na'ura, hankalin mutane kan tafi ga tsadarta da kwamfutar da ke jone da ita. Amma duk wanda ya daɗe yana aiki da ita zai gaya maka cewa yawancin matsalolinta a bakin ƙofa suke farawa, wato wurin da ake tsira allura a zuba samfur. A nan akwai wata 'yar roba kamar maɓallin riga, da ɗan bututun gilashi mai tsawon yatsa. Idan waɗannan biyun suka yi datti ko suka tsufa, na'urar ba za ta mutu ba, kuma ba za ta yi ƙara ba. Za ta ci gaba da fitar da lambobi tsaf, sai dai lambobin ƙarya ne. Abin da za mu duba yau kenan.

Daga gona zuwa ɗakin gwaji

Ɗauki yankin Kunci a arewacin jihar Kano a matsayin misali. Gonaki ne a jere, kusan babu fili a banza, kuma manomi kan haɗa gero ko dawa da wake da gyaɗa a gona guda. Bayan kaka, wani waken a ci a gida, wani a ajiye, wani kuma ya bi kasuwannin ƙauye har ya dangana da kasuwar Dawanau da ke bakin birnin Kano, inda manyan 'yan kasuwa ke tara kaya su tura kudu ko ƙasashen waje.

Matsalar wake ita ce ƙwari. Tun daga gona ƙwaron ke saka ƙwansa, kuma cikin 'yan watanni sai ka ga buhu ya zama huji da gari. Saboda haka ne wasu masu ajiya, walau manomi ko ɗan kasuwa, ke yayyafa wa waken magani kai tsaye. DDVP kuwa guba ce da ke toshe wani sinadari da jijiyoyin jiki ke buƙata don isar da saƙo yadda ya kamata, a jikin ƙwaro da na mutum baki ɗaya. Kuma da yake a kasuwa ake haɗa waken mutane da yawa wuri guda, buhun da aka zuba wa magani na iya shafa wa buhun da ba a zuba wa komai ba.

Ka ga kenan sakamakon gwaji yana da fuska biyu. Idan na'ura ta ce wake lafiya lau ne alhali da guba a ciki, an cuci mai cin ƙosai da alale. Idan kuma ta ce da guba fiye da ƙima alhali ba haka ba ne, an cuci ɗan kasuwa, kuma faɗuwar farashi kan manomi za ta ƙare.

Wai yaya GC take aiki?

A sauƙaƙe, GC na'urar tsere ce. A cikinta akwai wani siririn bututu da ake kira kolom, wanda galibi tsawonsa mita 30 ne, faɗin raminsa kuma rubu'in milimita. An naɗe shi kamar gammo an sa a cikin wani tanda da ake ƙara masa zafi sannu a hankali. An shafe cikin bututun da wani sinadari mai ɗan danƙo. Sannan akwai wata iska, galibi hiliyom, da ke bi ta ciki ba tsayawa. Bari mu kira ta iskar dako, tunda aikinta ɗaukar kaya.

Idan aka saki tururin samfur a bakin bututun, duk sinadaran da ke ciki tare suke tashi. Amma wani yana da nauyi, wani yana son maƙalewa a bango, wani kuma ba ruwansa. Don haka kowa da lokacin da zai fito a ɗaya bakin. DDVP, alal misali, yana cikin masu fitowa da wuri, domin yana saurin zama tururi. A bakin fita akwai na'urar ganowa, wadda sau da yawa ita ce MS, mai farfasa kowane sinadari ta auna nauyin gutsattsarinsa. Kwamfuta sai ta zana tuddai a kan layi: lokacin da tudu ya fito yana nuna ko wane sinadari ne, girmansa kuma yana nuna yawansa.

Wannan fasaha ba ta yau ba ce. A 1952 ne Archer Martin da Anthony James suka fitar da ita a Landan. A ƙarshen shekarun 1950 Marcel Golay ya kawo dabarar siririn bututu, sannan a 1979 injiniyoyin kamfanin Hewlett-Packard suka fito da irin bututun gilashi mai lanƙwasuwa da ake amfani da shi har yanzu. A nan gida ma, ɗaliban jami'a da yawa daga Kano da Katsina da Sakkwato sun san hanyar cibiyar NARICT da ke Basawa a Zariya, inda ake kai samfura don irin wannan gwaji.

Kafin wake ya shiga na'ura

Ba a jefa ƙwayar wake cikin GC. Sai an niƙa ta tukuna. Hanyar da ta fi shahara a duniya ita ce QuEChERS, wadda Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu suka wallafa a 2003. Ga busasshen abu irin wake, akan auna garin kamar giram 5, a jiƙa shi da ruwa, a zuba mililita 10 na wani ruwan narkarwa mai suna asetonaitiril, a girgiza da wasu gishiri, a tace. Daga wannan ruwan ake zuƙar maikurolita 1, wato kashi 1 cikin 1,000 na mililita, a tsira wa na'ura.

Yanzu yi wannan lissafi da mu. Idan waken yana da DDVP daidai miligiram 0.01 a kilo, abin da zai shiga na'ura a wannan ɗigon bai wuce fikogiram 5 ba. Fikogiram kuwa kashi 1 ne cikin tiriliyan na giram. Abin da ake nema kenan fa. Ko kaɗan ya maƙale a hanya, lissafi ya ɓaci.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe: wannan hanya tana da sauri da arha, amma ruwan da take fitarwa ba tas yake ba. Yana ɗauke da ɗan maiƙo, da sukari, da launi, da sauran tarkacen wake. Waɗannan ba sa zama tururi. To ina suke zuwa? A bakin ƙofa suke zama.

Soron na'ura da abin da ke cikinsa

Sashen da ake tsira allurar shi ne injekta. Duk wanda ke zuwa garejin bakanike ya san sunan, duk da cewa aikin ya bambanta. Mu ɗauke shi a matsayin soron gida: duk baƙon da zai shiga ciki, ta nan zai bi. Wani ɗan ɗaki ne na ƙarfe da ake riƙe zafinsa a wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyos, don ɗigon samfur ya zama tururi nan take. Ga abubuwan da ke ciki daga sama zuwa ƙasa.

Na farko shi ne seftum, wato 'yar robar nan ta silikon. Allura ke huda ta ta shiga, idan ta fita kuma robar ta koma ta rufe, yadda iskar dako ba za ta fita ba, iskar waje kuma ba za ta shigo ba.

Na biyu ita ce laina, ɗan bututun gilashin da ɗigon ke zama tururi a cikinsa. Sau da yawa akwai ɗan audugar gilashi a ciki, mai taimakawa wajen ƙafewar ɗigon da kuma tare datti. Gilashi a asalinsa yana da wasu wurare masu kama sinadarai, don haka masana'anta ke shafe cikinsa da wani rufi mai hana kamu. Wannan rufin yana ƙarewa.

Na uku zoben roba ne da ke zagaye da wuyan laina yana toshe gefe. Na huɗu, a wasu na'urorin, wani faifan ƙarfe ne mai ruwan zinare da ke ƙasan soron. Na biyar shi ne zoben matsi, wanda ke riƙe bakin kolom ya toshe mahaɗa. Akwai kuma bututun fitar da rarar tururi, mai ɗauke da matata, sai kuma ita kanta allurar.

A gwajin ragowar magani, tunda abin da ake nema ƙanƙane ne, akan rufe hanyar fitar da rara na kamar minti ɗaya don kusan duk tururin ya wuce cikin kolom. Kurt Grob na Zurich ne ya bayyana wannan dabara a 1969. Amfaninta a fili yake, amma tana da nata tsadar: samfur yana daɗewa a cikin laina mai zafi, kuma datti yana taruwa da sauri.

Hanyoyi huɗu da soro mai datti ke yin ƙarya

Ta farko ita ce ɓatar da kaya. Duk allurar da aka yi tana barin ɗan tarkace, zafi kuma ya toya shi ya zama baƙin ƙanzo a jikin gilashi. Wannan ƙanzo, tare da wuraren da rufin gilashi ya goge, sai su zama kamar ƙarangiya a bakin hanya: suna kama wasu magungunan, suna ruguza wasu. Dangin DDVP, irin su daimetowet da asefet, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mu ce da safe an daidaita na'ura da laina mai tsafta, zuwa yamma kuma rabin maganin yana maƙalewa a soro. Waken da ke da 0.016 sai a rubuta masa 0.008. Ya tsallake, kuma wani zai ci.

Ta biyu ita ce ƙarin gishiri, kuma wannan ta fi rikitarwa. Na'ura ba ta san nauyi da kanta ba. Sai an fara ba ta samfurin ma'auni, wato tsantsar magani da aka san yawansa, kamar yadda ake gwada tiya da tiya. To idan wannan ma'aunin a cikin tsaftataccen ruwan narkarwa yake, shi kaɗai zai ratsa ƙarangiya, kuma da yawansa zai maƙale. Amma maganin da ke cikin ruwan wake a cikin ayari yake tafiya: tarkacen wake ne zai kwashi ƙayar, shi kuma ya wuce lafiya. Mu ce cikin kashi 100 na ma'auni 60 ne suka isa, amma cikin kashi 100 na samfur 90 suka isa. Kwamfuta za ta ninka gaskiya sau ɗaya da rabi. Waken da ke da 0.008 sai ya koma 0.012, ya haura layi, mai saye ya fasa ciniki. Tun 1993 masu bincike suka bayyana wannan matsala, shi ya sa ɗakunan gwaji na ƙwarai ke haɗa ma'auninsu a cikin ruwan waken da aka tabbatar ba shi da magani.

Ta uku ita ce fatalwa, wato tudun da ke fitowa alhali babu abin a cikin samfur. Wani lokaci ɓarɓashin seftum ne ya faɗa cikin laina yana fitar da sinadaran silikon. Wani lokaci kuma ragowar samfurin baya ce. Ga yadda hakan ke faruwa: ruwa yana kumbura ƙwarai idan ya zama tururi. A zafi da matsin da aka saba, maikurolita 1 na hekzen kan zama kamar 200, na asetonaitiril kamar 500, na ruwan sha kuwa ya haura 1,000. Ita kuwa laina mai faɗin milimita 4, duk cikinta bai kai maikurolita 1,000 ba. Idan tururi ya fi ƙarfin laina sai ya tumbatsa, ya koma cikin bututan iska masu sanyi ya daskare, ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Sai ka ga an gwada gurɓataccen waken wani, na bayansa mai tsafta ya kwashi laifi.

Ta huɗu ita ce yoyo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Seftum ɗin da aka huda sau ɗaruruwa ba ya ƙara rufewa da kyau. Samfur zai riƙa zurarewa, lokacin fitowar tuddai ya riƙa sauyawa, sannan iskar oksijin ta shigo. Oksijin kuwa a cikin kolom mai zafi yana cinye shafen da ke ciki, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Ka ga an yi asarar kolom mai tsadar gaske saboda robar da ita ce mafi arha a jikin na'urar.

Yaya ake gane soro ya ɓaci?

Ba a jira sai an ga alama a sakamakon mutane. Ana yi wa na'urar jarrabawa ne da abin da aka riga aka san amsarsa.

Fitacciyar jarrabawa ita ce ta DDT da endirin, wasu tsofaffin magungunan ƙwari biyu masu saurin rugujewa idan suka haɗu da datti mai zafi. DDT kan rikiɗe ya zama DDE da DDD, endirin ma ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai biyu. Sai a tsira tsantsarsu a duba. A hanyar gwaji mai lamba 8081 ta hukumar kare muhalli ta Amurka, idan abin da ya ruguje na ɗayansu ya wuce kashi 15 cikin 100, dole a dakata a gyara soro kafin a taɓa samfurin kowa.

Akwai kuma allurar wofi, wato a tsira ruwan narkarwa zalla. Idan tudu ya fito, to daga cikin na'ura yake. Akwai gwajin dawo da kaya: a ɗauki wake mai tsafta, a zuba masa magani da gangan daidai wani adadi, a ga nawa na'ura za ta gano. Ƙa'idar Turai ta fi son a samu tsakanin kashi 70 zuwa 120 cikin 100. Ga masu MS kuma, akwai lambobi uku da ake leƙawa kullum: 18 na ruwa, 28 na naitirojin, 32 na oksijin. Idan 28 da 32 suka tashi tare, na farkon ya ninka na biyun kamar sau huɗu, to iskar ɗaki ce ke shiga. Su ma tuddan suna magana: idan suka fara jan jela maimakon su tsaya cak, ko suka riƙa raguwa daga allura zuwa allura, laina ce abin zargi na farko.

Shi kansa sabis ɗin

Aikin bai fi juyen baƙin mai wahala ba, sai dai yana son natsuwa da tsafta.

Da farko a sauke zafin soro da na tanda, a jira su huce, sannan a rage matsin iska. Buɗe soro da zafinsa na ƙona hannu, kuma yana shigar da oksijin cikin kolom mai zafi. A sa safar hannu mai tsafta, a yi amfani da hantsaki, domin maiƙon yatsa ma na'urar tana ganinsa.

Seftum: masu ƙera shi kan ba da shawarar a canza bayan allura kamar 100, ko ƙasa da haka idan bakin allurar ya dakushe. Wajen ɗaurewa kada a matse da ƙarfi. Matsi fiye da ƙima na sa allura ta riƙa gutsuro robar.

Laina: babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. Mai gwada tsaftataccen ruwa na iya yin makonni da guda ɗaya, mai gwada wake ko gyaɗa ko riɗi kuwa, masu maiƙo, yana iya canzawa bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki. Jarrabawar da muka ambata a sama ce ke yanke hukunci. Kada a dogara da ido kawai, domin laina na iya zama fes a ido alhali rufinta ya riga ya tafi. Duk sanda aka canza ta, a canza zoben robarta. Wasu, don tsimi, kan wanke tsohuwa su mayar. Wanki na cire ƙanzo, amma yana iya tafiya da rufin, sai a koma gidan jiya ko ma abin ya fi muni.

Faifan zinare: a duba shi duk lokacin da aka yi babban sabis, a canza idan ya dafe ko kuma an canza laina amma matsala ba ta tafi ba.

Bakin kolom: dattin da ya tsallake laina a nan yake sauka. Akan yanke santimita 10 zuwa 30 a yar, da 'yar wuƙar tangaran ta musamman, a duba da madubin ƙara girma a tabbatar yankan ya miƙe, a sa sabon zoben matsi, a mayar daidai zurfin da littafin na'urar ya faɗa. Kuskuren 'yan milimita a nan yana sauya sakamako.

Matatar bututun rara: ita aka fi mantawa. Idan ta toshe, matsin iska ya rikice. A canza ta kamar sau biyu a shekara. Allura kuma a riƙa wanke ta da ruwan narkarwa tsakanin samfur da samfur.

Bayan an rufe, a sake iskar dako ta yi mintuna tana korar iskar da ta shiga kafin a ɗaga zafi. A nemi yoyo da na'urar shinshina iska. Kada a shafa ruwan sabulu kamar yadda mai faci ke yi wa taya, domin zai iya zurarawa ciki ya gurɓata komai. Sannan a yi allurar wofi, a sake daidaita ma'auni. A ƙarshe a rubuta a littafi: rana, abin da aka canza, wanda ya canza, da adadin allurar da aka yi. Ɗakin gwajin da ke neman shaidar ISO 17025, wadda masu saye na ƙasashen waje ke dubawa, dole ya iya nuna irin wannan rubutu.

Abin da yanayinmu ke ƙarawa

Littattafan waɗannan na'urori ba a rubuta su da Kano a zuciya ba. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, don haka sabuwar laina da seftum su zauna a cikin ƙunshinsu har sai lokacin sawa. Ɗauke wuta kuma ya wuce katse aiki kawai: iskar dako na iya tsayawa alhali soro da kolom na da zafi, kuma yawan hucewa da sake zafi yana sassauta zoben matsi har yoyo ya fara. Bayan kowace ɗaukewar wuta ya kamata a sake neman yoyo. Ita ma tukunyar hiliyom, a sa mata matatar da ke tare oksijin da danshi, a riƙa duba ta.

Sai babbar matsala, wato kuɗi. Sayen na'ura abu ne da ake gani, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Fakitin roba da kwalin laina kuwa ba mai ɗaukar hotonsu, ga shi daga waje ake shigo da su da dala, kuma sukan ɗauki makonni kafin su iso. Idan kasafi ya tsaya a kan sayen na'ura kawai, ma'aikaci zai riƙa jan tsohuwar laina har sai abin da hali ya yi. Duk mai tsara sayen GC, ya sa kuɗin kayan canji na shekaru da horar da ma'aikaci a cikin lissafin tun farko. Sayen mota ba kuɗin baƙin mai, kowa ya san ƙarshensa.

To, ni da ba na ɗakin gwaji fa?

Idan kai ɗan kasuwa ne mai kai samfur, ko ɗalibi mai biyan kuɗin gwaji, kana da haƙƙin yin tambaya. An yi allurar wofi, me ta nuna? Kashi nawa aka samu a gwajin dawo da kaya? A cikin ruwan wake aka haɗa ma'auni ko a tsantsar ruwan narkarwa? Yaushe aka canza laina da seftum? Ɗakin gwaji na ƙwarai ba zai ji haushi ba, littafi kawai zai buɗe maka. Takardar sakamakon da babu waɗannan bayanai a bayanta, a yi hattara da ita.

Idan kuma kai manomi ne a Kunci ko mai ajiya a Dawanau, rigakafi ya fi magani. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗinsa shi ne waken ya bushe sosai, ledojin ciki ba su huje ba, kuma a ɗaure kowane ruɓi daban. Waken da ba a zuba masa komai ba, babu abin da zai ɓoye wa na'ura. Abin da ya rage shi ne ita ma na'urar ta faɗi gaskiya a kansa, kuma wannan yana hannun ma'aikacin da ya tuna ya canza robar nan a kan lokaci.